Awon Matsin Mai: Yadda Ake Gano Ciwon Inji Kafin a Sayi Kayan Gyara

Injin motar fetur yana buƙatar abu huɗu kafin ya yi aiki yadda ya kamata: iska, mai, wuta, da matsewar da fistin ke yi a cikin silinda. A cikinsu, mai ne aka fi ɗora wa laifi idan mota ta ƙi tashi ko ta rasa ƙarfi, kuma shi ne aka fi yi wa gyaran kirdado. Sau da yawa direba yakan ce wa bakanike, "Oga, motar nan ba ta ja," sai a yanke hukunci nan take cewa famfon mai ne ya mutu. A sauke tanki, a sayo wani famfon, a ɗaura, bayan kwana biyu matsalar ta dawo. Akwai ƙaramin geji da ke raba wannan gardama cikin 'yan mintoci, domin yana nuna ƙarfin da man ke isa inji da shi, kuma daga motsin allurarsa ake gane ko famfo ne, ko filta, ko waya, ko wani abin dabam.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Kura da Bunkure

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin gwamna Audu Bako, ita ce ke shayar da filayen noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Daga waɗannan filaye ake samun shinkafa, alkama, masara, albasa da tumatir, kuma duk abin da aka noma sai mota ta ɗauke shi. J5 da Hiace suna kwasar kwandunan tumatir daga Kadawa da Kwanar Gafan, Golf da Sharan suna jigilar fasinja da buhuna tsakanin ƙauyuka da birnin Kano, a-kori-kura kuwa suna shiga har bakin gona.

Aikin da waɗannan motoci ke yi yana wahalar da hanyar mai. Suna bin burji mai ƙura a gefen magudanan ruwa, musamman lokacin hunturu. Suna ɗaukar lodin da ya wuce ƙima a cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40. Idan gidan mai ya yi nisa, a jarka ko galan ake sayen man a wurin 'yan bumburutu. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma ta zarce 1,000 a wurare da dama, sai direbobi da yawa suka koma zuba lita biyar ko goma kawai, tanki kullum a ƙasa. Ga shi kuma tumatir ba ya jira. Motar da ta mace a hanyar Zariya da kwanduna a bayanta, asarar ba ta tsaya kan kuɗin gyara ba.

Yadda mai ke tafiya daga tanki zuwa inji

Tsarin bai yi nisa da na ban ruwan da manoman yankin suka sani ba: akwai matattara, akwai babbar hanya, akwai ƙofar da ke daidaita abin da zai wuce, akwai ƙananan bakuna da ke kai wa kowane fage rabonsa. A motar zamani, famfo mai aiki da lantarki yana zaune a cikin tanki, da 'yar raga a bakinsa. Shi ke tura mai ta siririn bututu, ya ratsa filta, ya isa bututun rabo da ke kwance a kan inji. A jikin wannan bututu nozul-nozul suke, kowace silinda da tata. Ƙwaƙwalwar mota ce ke buɗe kowace nozul na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta fesa mai a cikin iskar da inji ke zuƙa.

A nan ne muhimmancin matsi yake. Ƙwaƙwalwar mota tana lissafa tsawon lokacin buɗe nozul ne bisa zaton cewa matsin man yana nan yadda kamfani ya tsara. Abin da take nema shi ne kimanin kashi 14.7 na iska, a nauyi, ga kashi ɗaya na fetur. Idan matsin ya yi ƙasa, man da zai fita a wannan ɗan lokaci ba zai isa ba, kuma maimakon ya fita a matsayin feshi mai laushi sai ya riƙa ɗiga. Idan ya yi sama, man zai yi yawa. Regileta ce ke riƙe matsin a inda ake so. A tsofaffin motocin injekta tana kan bututun rabo, tana mayar da rarar mai tanki ta wani bututu na biyu. A yawancin motocin da aka ƙera daga wajajen shekarar 2000 zuwa yau, an mayar da ita cikin tanki tare da famfo, bututu ɗaya ne kawai ke zuwa inji.

Kowace mota da adadinta

Ana auna matsi da bar ko da psi, kuma bar ɗaya daidai yake da kimanin psi 14.5. Motoci masu kafireta, irin tsohuwar Peugeot 504 da kamfanin Peugeot na Kaduna ya daɗe yana haɗawa bayan buɗe shi a 1975, ba sa buƙatar matsi mai yawa. Famfonsu yana jikin inji, kuma abin da yake bayarwa bai cika wuce psi 3 zuwa 7 ba. Golf 3 mai nozul guda ɗaya a tsakiya tana aiki da kimanin bar 1, 'yar'uwarta mai nozul a kowace silinda kuma kimanin bar 3. Motocin Toyota da yawa, irin su Corolla da Camry, suna tsakanin psi 44 da 50. Sababbin motoci masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da famfo na biyu da ke kai matsin bar 150 zuwa 200, wasu ma fiye. Injin dizal na zamani yakan haura bar 1,600.

Saboda wannan bambanci, ba a fara awo sai an san adadin da ya dace da motar da ke gaba, daga littafinta ko daga bayanan masu ƙera ta. Psi 15 lafiya ce ga wata mota, ga wata kuwa ko tashi ba za ta yi da shi ba. Injinan ban ruwa, babura da ƙananan janareto ba su cikin wannan lissafi, domin a yawancinsu mai gangarowa yake yi da kansa daga tanki zuwa kafireta.

Alamun da ke sa a yi awo

Idan matsi ya yi ƙasa, mota takan daɗe ana murza makulli kafin ta tashi. Tana iya yin silo lafiya a gareji, amma da an taka totur sai ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta amsa, ko ta riƙa fizga a kan hawa da lodi. Wata sai ta yi tafiya mai nisa, famfo ya ɗumama, sannan ta mutu, idan ta huce ta sake tashi. Wani lokaci ana jin famfon yana kuka mai tsini daga wajen kujerar baya. Idan matsi ya yi yawa kuwa, baƙin hayaƙi ake gani a salansa, warin ɗanyen fetur ya tashi, fulogi su yi baƙi ƙirin, motar ta riƙa shan mai fiye da yadda aka saba.

Duk waɗannan alamu wasu cututtukan ma suna kawo su. Mataccen fulogi, toshewar salansa, ɗigar iska a manifol da lalacewar wata na'urar ji, kowanne yana iya kwaikwayon ciwon famfo. Na'urar kwamfuta da ake jona wa mota tana taimakawa. Lambar P0171 tana nufin mai ya yi kaɗan a cikin cakuɗar, P0172 tana nufin ya yi yawa, P0087 kuma tana nufin matsi ya faɗi. Sai dai lambar ba ta faɗin wane ƙarfe ne ya jawo hakan. Geji ne ke ƙarasa bayanin.

Shiri da kiyaye lafiya

Kayan aikin ba su da yawa: geji mai iya karanta har psi 100, tiyo mai jure fetur, mahaɗai iri-iri, tsumma, da mita mai auna wutar batir. Ana samun irin wannan geji a wurin masu sayar da kayan aikin makanikai a Kano. Aikin kuwa a fili ake yin sa, inda iska ke kaɗawa, nesa da masu walda, mai shayi da mai shan taba, da tukunyar kashe gobara ko bokitin yashi a kusa. Ba a kashe wutar fetur da ruwa.

Ko an kashe mota, man da ke cikin bututu yana nan a matse. Wanda ya kwance mahaɗi haka kawai, fetur zai fesa masa a ido ko a kan salansa mai zafi. Don haka ake fara zare fiyus ko rilai na famfo, a tayar da mota a bar ta har ta mutu da kanta, a sake murza makulli na 'yan daƙiƙu, sannan a naɗe mahaɗin da tsumma a kwance a hankali. Wasu motoci suna da ɗan baki a kan bututun rabo, irin bawul ɗin da mai faci ke ba taya iska ta cikinsa, a nan ake ɗaura geji kai tsaye. Motocin Japan da dama ba su da shi, sai a raba bututun shigowar mai bayan filta a sa mahaɗi mai baki uku. Idan an gama ɗauri a mayar da fiyus, a kunna makulli, a duba ko akwai ɗiga kafin a tayar da inji.

Awo na farko: makulli a kunne, inji a kashe

Da an juya makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, a yawancin motoci famfo yakan yi gurnani na kimanin daƙiƙa biyu ya tsaya. A wannan lokaci allurar geji za ta yi tsalle zuwa kusa da adadin da aka tsara. Idan ta hau da ƙyar, sai an kunna an kashe sau uku ko huɗu kafin ta kai, famfon ya raunana ko kuma wani abu ya tare hanya.

Idan allura ba ta motsa ba sam, ba a gaggauta sauke tanki. A fara tabbatar da akwai mai a ciki, domin gejin dashbod na tsofaffin motoci yakan yi ƙarya. A duba fiyus da rilai. Sannan a auna wutar da ke isa filogin famfo yayin da ake murza makulli. Idan ana samun kusan bolt 12, wayar da ke sauka a jikin mota kuma tana da kyau, amma famfon bai motsa ba, to ya mutu. Idan wuta ba ta zuwa, ko tana zuwa bolt 8 ko 9 kawai, aikin na mai wayarin ne. Famfuna masu lafiya da yawa sun tafi bola saboda tsatsar da ta ci bakin waya ɗaya.

Awo na biyu: inji yana silo

A motar da regiletarta ke kan inji, akwai siririn tiyo da ya haɗa ta da manifol. Lokacin silo, zuƙar iskar manifol tana rage matsin da kimanin rabin bar. Idan aka zare tiyon, dole allura ta hau da kimanin wannan adadin, idan aka mayar ta sauko. Rashin motsinta yana nuna regileta ta ƙage, ko tiyon ya tsage, ko famfo ba shi da sauran ƙarfin da zai ƙara. A kuma leƙa bakin tiyon da aka zare. Bushe ya kamata a same shi. Idan akwai jiƙar fetur, robar cikin regileta ta fashe, inji yana zuƙar mai ta bayan fage, kuma wannan kaɗai ya isa ya kawo baƙin hayaƙi da yawan shan mai.

Idan matsin ya yi ƙasa, ana iya matse tiyon da ke mayar da mai tanki na daƙiƙa biyu ko uku, da filaya mai laushin baki. Allura ta yi sama da sauri, famfo lafiyarsa lau, regileta ce ke sakin mai da wuri. Ta tsaya inda take, laifin yana wajen famfo, raga ko filta. Tiyon roba kaɗai ake matsewa, ban da na leda mai tauri, wanda ke tsagewa. Idan kuma matsin ya wuce ƙima, ko dai regileta ta ƙi buɗewa, ko bututun komawa ya lanƙwashe. Wannan yana yawan faruwa ga motocin da cikinsu ke gugar kunya da duwatsu a hanyoyin gona.

Awo na uku: lokacin da inji ke aiki da ƙarfi

Mota a silo mai kaɗan take sha, don haka ko rarraunan famfo yana iya nuna adadi mai kyau. Gaskiyar tana fitowa ne idan aka taka totur. A lafiyayyen tsari, allura tana tsayawa daram ko ta ɗan hau. Idan ta faɗi duk lokacin da aka ba da wuta, man da ke zuwa bai kai wanda ake ƙonawa ba. Gwajin da ya fi inganci shi ne a kan hanya, da doguwar tiyo, gejin a ɗaure a wajen gilashin gaba inda na kusa da direba zai riƙa gani. Ba a shigo da tiyon fetur cikin mota. A nemi hawa, a sa lodi idan da hali, domin a nan ne direba ya ce motar tana gazawa.

Idan allura ta faɗi a wannan gwaji, filta ce abin fara dubawa, saboda ita ce mafi araha kuma ita ƙura da dattin jarka ke fara toshewa. A kwance ta, a zazzage ta baya a kan farin tsumma. Abin da zai fito, jan gari na tsatsa ko laka mai yauƙi, shi zai nuna halin da tanki ke ciki. Ana kuma iya auna yawan man da famfo ke turowa cikin kwalba mai ma'auni. A motoci da yawa ana sa ran aƙalla rabin lita cikin daƙiƙa 30. Wani abin da ake mantawa shi ne numfashin tanki. Idan hanyar shigar iska ta toshe, famfo yana ja tanki yana tsukewa, har mai ya daina fita da kyau. Alamarsa ita ce motar ta warke da zarar an sassauta murfin tanki.

Awo na huɗu: bayan an kashe inji

Ba a cire geji da zarar an kashe mota. A bar shi a zuba masa ido. Tsari mai lafiya yana riƙe matsi na tsawon lokaci. A motocin Toyota da yawa, ƙa'idar ita ce kada ya sauka ƙasa da psi 21 cikin minti biyar. Idan allura ta zube da sauri, wani wuri yana yoyo, kuma wurare uku ne ake zargi idan ba a ga ɗiga a waje ba: ƙaramin bawul na cikin famfo da ke hana mai komawa, regileta, ko nozul.

Rarrabe su ba wuya. A sake cika matsi, a matse tiyon shigowa tsakanin tanki da geji. Idan zubewar ta tsaya, bawul ɗin famfo ne. Idan ba ta tsaya ba, a matse na komawa. Ta tsaya, regileta ce. An matse duka biyun allura tana ci gaba da sauka, to nozul ce ke ɗiga cikin silinda. Wannan na ƙarshe ya fi haɗari, domin fetur ɗin yana gangarawa ya wanke bangon silinda, ya shiga cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ana gane hakan idan sandar awon baƙin mai tana warin fetur, ko man ya ƙaru ba tare da an ƙara ba. Irin wannan mota ce ke tashi lafiya da asuba amma ta yi gardama bayan an tsaya sallar azahar.

Abin da geji ba ya gani

Geji ƙarfin turi yake aunawa, bai san abin da ake turawa ba. Fetur da aka gauraya da kananzir ko ruwa zai nuna adadi daidai, inji kuwa yana ta tari. Gurɓataccen mai ba a bakin titi kaɗai yake ba. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, ya lalata injinan motoci, janye shi daga kasuwa kuma ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Saboda haka yana da kyau a tari kaɗan daga man motar a farar kwalba a ajiye na 'yan mintoci. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a ga layin da ya raba su. Haka nan nozul da ta toshe ba ta rage matsi. Idan duk awon ya fito daidai, an wanke famfo, filta da regileta daga zargi, sai a koma kan wuta, nozul, na'urorin ji da matsewar silinda.

Motocin dizal da taraktoci suna da nasu tsarin. Ɓangaren da ke kawo mai daga tanki ana iya auna shi da ƙaramin geji, kuma matsalolinsa sanannu ne: iska ta shiga bututu, filta ta toshe, ko ruwa ya taru a kofin da ke ƙarƙashinta. Ɓangaren babban matsi kuwa, a dizal ko a motar fetur mai fesawa kai tsaye, da kwamfuta ake karanta shi. Ba a ɗaura masa gejin gama-gari, ba a kuma laluben yoyonsa da yatsa, domin feshin yana iya huda fata ya shiga cikin nama.

Kula da famfo da sayen sabo

Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo, shi ke kuma sa masa santsi. Idan ana yawan tafiya da tanki a ƙasa, famfo yana zafi, yana zuƙar iska a kan kwana da gargada, yana kuma kwasar dattin da ya kwanta. Barin mai ya kai aƙalla kwatan tanki ba ya ƙara yawan abin da mota ke sha, cikon farko ne kawai ke da nauyi a aljihu. Man jarka a tace shi da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Filtar da ke wajen tanki a riƙa canza ta da wuri fiye da yadda littafin mota ya ce, tun da an rubuta littafin ne don hanyoyin da ba su kai waɗannan ƙura ba.

Idan awo ya tabbatar famfo ne ya mutu, a nemi wanda ya dace da motar a matsi da yawan turi, ko sabo ne ko na Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Famfon da girmansa ya shiga gurbi ba lallai ne ƙarfinsa ya dace ba. A wanke tanki, a sa sabuwar raga da sabuwar filta, a gyara bakin waya idan ya ƙone. Bayan an ɗaura, a sake maimaita awon guda huɗu, a rubuta adadin da aka samu a ajiye tare da takardun mota, domin shi za a gwada da shi duk ranar da wata matsala ta sake tasowa.